Muhawara kan Alamta Kalmomin Ƙidaya: Daga Rumbunan Latin zuwa Hausar Dogon Dutsi

Rumbun matani tari ne na rubuce-rubuce, ko na maganganun baki da aka naɗa aka mayar rubutu, wanda ake zubawa cikin kwamfuta domin nazarin harshe. Idan aka bi kalmomin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya aka laƙaba wa kowace alamar da ke nuna ajinta da jinsinta da aikinta a jimla, to an yi abin da malaman zaure ke kira li'irabi, sai dai wannan li'irabin na'ura ce za ta karanta shi, ta ƙirga, ta kuma koyi harshen daga gare shi. Kalmomin ƙidaya na daga cikin waɗanda suka fi wahalar da masu wannan aiki, alhali a ido su ne suka fi sauƙi. “Biyu” da “na biyu” da “bibbiyu” da “sau biyu” duk tushensu guda, amma ba abu guda suke faɗa ba. Gardamar ita ce ko ya dace kowane iri ya sami alamarsa, in kuma ya dace, a kan wace kalma alamar za ta zauna, kuma me za ta bi: ƙirar kalmar ko nufin mai magana.

A kan harshen Latin aka fi daɗewa ana wannan aiki. A 1949 wani limamin Katolika ɗan Italiya, Roberto Busa, ya shawo kan Thomas Watson, shugaban kamfanin IBM, ya taimaka masa da na'urori domin ya jera dukan kalmomin da ke cikin littattafan Thomas Aquinas, malamin tauhidin Kirista na ƙarni na 13. Aikin, mai suna Index Thomisticus, ya ƙunshi kalmomi wajen miliyan 11, ya kuma fito cikin mujalladi 56 tsakanin 1974 da 1980. A 2006 Marco Passarotti ya fara ɗora wa wani sashe nasa bishiyar li'irabi, wato tsarin da ke nuna dangantakar kalmomin jimla da juna, a Jami'ar Katolika ta Milan. Wasu rumbunan sun taso a wasu wurare: na Perseus a Jami'ar Tufts ta Amurka, mai ɗauke da marubutan Rum na dauri irin su Cicero da Virgil, na PROIEL a Jami'ar Oslo, wanda ya haɗa da fassarar Sabon Alkawari ta Jerome, na takardun ciniki da haya da aka rubuta a yankin Tuscany tsakanin 774 da 897, sai kuma na rubuce-rubucen Dante na Latin. Kowane rukunin masana da nasa ƙa'idojin. Da tsarin Universal Dependencies ya fito a 2015, da nufin a riƙa yi wa harsunan duniya li'irabi da alamomi iri ɗaya, sai aka mayar da yawancin waɗannan rumbuna kansa. Tsarin ya raba kalmomi aji 17, ya kuma tanadi wata alama ta daban, NumType, wadda ke nuna irin ƙidaya: Card ga ta adadi, Ord ga ta jeri, Dist ga ta rabo, Mult ga ta karo, Frac ga ta ɓangare.

Wannan rabe-rabe ya yi wa Latin daidai kamar an auna, domin kowane iri yana da kalmominsa na kansa. Ƙidayar adadi ita ce unus, duo, tres. Ukun nan suna sauya ƙarshe gwargwadon jinsi da matsayi, daga quattuor kuwa har zuwa centum, wato huɗu zuwa ɗari, yawancinsu ba sa motsi. Ƙidayar jeri ita ce primus, secundus, tertius, kuma tana tafiya kamar kowace sifa. Ƙidayar rabo ita ce singuli, bini, terni, wato ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku. Ƙidayar karo ita ce semel, bis, ter: sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Kowane iri kuma yana da kalmar tambayarsa: quot, quotus, quoteni, quotiens. Duk da haka malaman nahawun Rum ba su ware ƙidaya a matsayin ajin kalma mai zaman kansa ba. Priscian, wanda ya koyar a Kustantiniya wajen shekara ta 500 kuma ya rubuta ɗan littafi a kan lambobi, cikin sunaye ya sa ƙidayar adadi da ta jeri. Malaman Larabci ma haka suka yi: a wurinsu adadi suna ne, sai dai suna mai ƙa'idoji na musamman, kamar yadda duk wanda ya karanta babin adadi a Alfiyyar Ibn Malik ya sani, inda daga uku zuwa goma jinsin adadi ke saɓa wa na abin da ake ƙirgawa.

Hausa ta shiga tsarin Universal Dependencies ta hannun Bernard Caron, masanin harshe ɗan Faransa, wanda ya shirya rumbu na Hausar Zariya da kuma na Hausar Adar, karin da ya rubuta littafi a kansa a 1991. Adar maƙwabciya ce ga ƙasar Arewa, wato yankin Arawa da ke kwance a kwarin Dallol Mawri, wanda a yau ya ƙunshi gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Dosso ta Nijar. Tibirin nan ba ta Gobir ba ce da ke kusa da Maraɗi. Ita an yanke ta ne daga Dogon Dutsi a 2011. Duk wanda zai naɗi maganar mutanen wannan yanki, a kasuwar Matankari ko a tashar Kore Mairuwa, ya yi mata li'irabi, zai ci karo da tambayar da ta dami masu Latin, kuma zai same ta da ƙari, domin ƙidaya a bakin Ba'are hawa-hawa ce. Akwai tsohuwar Hausa daga ɗaya zuwa goma, da gomiya biyu da gomiya uku da tsofaffi a yamma ke faɗa. Akwai aron Larabci, ashirin da talatin har zuwa tis'in, da metan. Akwai Faransanci, wanda da shi ake yawan karanta lambar waya bibbiyu. Sannan akwai lissafin dala, wanda shi kaɗai ya isa ya rikita na'ura.

Masu goyon bayan a ba kowane iri alamarsa suna farawa ne da amfani. Dalilin gina rumbu, in ji su, shi ne a iya nema a samu. Mai binciken da ke son ya ga yadda ƙidayar rabo ta riƙa ja baya a Latin daga zamanin Cicero zuwa na takardun Tuscany ba zai iya nemo ta ta hanyar harufa ba, domin kalmar “bibbiyu” kaɗai tana fitowa a matsayin bini, binae, bina, binos, binis da sauransu, balle a zo ga terni da quaterni da deni. Alama guda kan tattaro su duka cikin ƙiftawar ido. A Hausa ma buƙatar tana nan, ko da yake dalilin daban ne: mutum ɗaya zai rubuta “bibbiyu”, wani “biyu-biyu”, wani “biyu biyu” ba tare da karan ɗori ba, wani kuma ya sa lambobi kawai. In babu alamar da ta haɗa su, mai nema zai sami kashi ɗaya ya rasa uku.

Hujjarsu ta biyu ita ce bambancin ba na ado ba ne, na ma'ana ne, kuma ma'anar tana da nauyi. Wanda ya ce “ya ba yaran goro biyu” da wanda ya ce “ya ba yaran goro bibbiyu” ba labari ɗaya suka bayar ba. In yaran goma ne, na farko goro biyu ya fitar daga aljihu, na biyu ashirin. Na'urar fassara da ba a nuna mata wannan bambanci ba za ta iya mayar da umarnin likita na “ƙwaya bibbiyu sau uku” ya zama wani abu daban, kuma wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Sannan suna nuna cewa ba Latin ce ta ƙaƙaba wa Hausa rabe-raben ba, harshen da kansa yana da su. Shaida ita ce kalmomin tambaya: quot, quotus, quoteni da quotiens sun yi daidai da “nawa”, “na nawa”, “nawa-nawa” da “sau nawa”, ɗaya bayan ɗaya, ba gibi. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, suka kuma raba tambayar ƙidaya gida huɗu iri ɗaya. Wannan, a ganinsu, ya isa dalilin a alamta su da alama iri ɗaya. Akwai kuma ribar da harshe mai ƙarancin matani a intanet ke samu: idan alamominsa suka dace da na harsuna masu tarin matani, na'ura kan iya ɗauko wani abu daga abin da ta koya a can ta yi aiki da shi a nan.

Ɗaya ɓangaren ba ya musun cewa ma'anonin nan huɗu suna nan a Hausa. Abin da yake musu shi ne cewa suna zaune a cikin kalma. Alamar NumType a kan kalma guda ake ɗora ta, kuma an ƙera ta ne da harsunan da ke da kalma guda ga kowane iri a zuciya. Tertius kalma ɗaya ce, ana ganinta an san ta jeri ce. “Na uku” kuwa kalmomi biyu ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da jerin ita kaɗai. “Na” ɗin nan ita ce dai ta “na Audu” da “na jiya” da “na gona”. “Uku” kuma ba ta sauya ko wasali ɗaya ba. In aka ce “uku” ta jeri ce an yi mata ƙarya, in aka ce “na” ce ta jeri an yi wa dubban “na” da ba ruwansu da ƙidaya rashin adalci. Ko “farko”, wadda a Arewa da sauran yamma ake ji kamar “hwarko”, suna ne mai nufin mafari. Sai an sa mata “na” ko “ta” take zama ta jeri. Haka “sau biyu”: bis kalma ɗaya ce, amma a Hausa “sau” ce ke ɗauke da karon, “biyu” adadi ce zalla da ke ƙirga shi, daidai da yadda take ƙirga awaki a “awaki biyu”.

Misali daga bakin tasha a Dogon Dutsi ya fi fito da wannan fili. Saurayi ya tsaya gaban mai ƙosai ya ce, “Inna, ina kwana? Nawa-nawa ne?” Ta ce, “Biyar-biyar, ɗana.” Ya ce, “To, a ba ni na ashirin.” Ta ƙirga guda huɗu ta zuba masa a takarda, ya miƙa mata ƙwandala mai ɗauke da lamba 100. A wannan gajeriyar magana “na ashirin” ba ta nufin ƙosan da ya zo bayan na goma sha tara. Tana nufin ƙosai na kuɗi ashirin. Ƙirarta da ta ƙidayar jeri ɗaya ce sak, ma'anarta kuwa ta yi hannun riga da ita. Duk ƙa'idar da ta ce “na” da adadi a bayanta jeri ne za ta faɗi a nan, kuma irin wannan jimla ta fi “ɗalibi na ashirin” yawa nesa ba kusa ba a maganar yau da kullum. Sannan “ashirin” ɗin ma ba ashirin ba ce a lissafin banki. A Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce: “biyar” 25 ke nan, “ashirin” 100, “hamsin” 250, “ɗari” 500, sai jika wadda take 1,000. Na'urar da ta raba ashirin da biyar za ta sami huɗu daidai, amma in ta juya maganar zuwa Faransanci ta ce saurayin sefa ashirin ya biya, ta yi kuskure ninki biyar.

Masu wannan ra'ayi suna ƙara da cewa ko maimaicin da ke ba da ma'anar rabo ba mallakar ƙidaya ba ne. Ƙa'ida ce da ta ratsa harshen: “gida-gida”, “kashi-kashi”, “dala-dala”, “jika-jika”, “tiya-tiya”. Wanda ya ce an raba hatsi “tiya-tiya” da wanda ya ce an raba “uku-uku” dabara ɗaya suka yi amfani da ita. In aka alamta na biyu da Dist aka bar na farko hannu rabbana saboda tiya ba lamba ba ce, an tsaga ƙa'ida guda gida biyu, kuma mai nazarin da zai zo daga baya zai ɗauka Hausa tana da wani tsarin rabo na lambobi kaɗai, abin da ba haka ba ne.

Hujjarsu mafi ƙarfi dai daga Latin ɗin kanta suke ɗauko ta, domin can ma, inda kowane iri ke da kalmarsa, ƙira da ma'ana ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai sunayen da a jam'i kawai suke zuwa, kamar castra, sansanin soja. Don a ce sansani biyu, sai a ce bina castra, da kalmar rabo, alhali ba abin da aka raba. Duae litterae harufa biyu ne, binae litterae kuwa wasiƙu biyu. Mawaƙa kuma sukan ɗauki kalmar rabo su sa a gurbin ta adadi don karin waƙa ya zauna. Secundus, wadda ta samo asali daga aikatau mai nufin bi, tana nufin na biyu, amma tana kuma nufin abin da ya zo da sa'a, kamar iskar da ke bin jirgi daga baya. Daga gare ta ne aka sami secundum, “bisa ga”, wadda ta cika rubutun Aquinas kuma ba ta da alaƙa da ƙirga komai. Unus ta fi su duka rikici: wani lokaci ɗaya ce, wani lokaci “kaɗai”, wani lokaci “wani”, kuma ta wannan hanya ta ƙarshe ce ta rikiɗe ta zama un da une na Faransanci. Har lissafin kuɗi yana da irin na dala: decies sestertium a zahiri “sau goma” ne, amma nufinsa miliyan ɗaya, domin an haɗiye “dubu ɗari” da kowa ya san tana nan. Sunan kuɗin ma, sestertius, daga “rabi” da “na uku” aka haɗa shi, yana nufin biyu da rabi. Idan mai alamtawa a Milan ya bi ƙira, na Oslo ya bi ma'ana, sai a wayi gari kalma ɗaya tana da alama biyu a rumbuna biyu na harshe ɗaya. Irin wannan saɓani tsakanin rumbunan Latin ya kai ga Federica Gamba da Daniel Zeman na Jami'ar Charles da ke Prague suka yi aikin daidaita su, suka wallafa sakamakon a 2023. Alamar da aka ƙirƙiro don a sami haɗin kai, in ji masu suka, in ba a fayyace abin da take bi ba, ita ce ke haifar da rarrabuwa.

“Ɗaya” da “guda” su ne unus ɗin Hausa. “Duk ɗaya ne” ba ƙirga ba ne, daidaito ne. “Ɗayan ya tafi” na nufin wancan, ba adadi ba. “Gaba ɗaya” da “ko ɗaya” sun zama maganganu daskararru. “Guda” kuwa adadi ce a “wata guda”, amma a “mangwaro guda uku” ba ɗaya take nufi ba, ƙwaya take nufi, kuma uku ce ke ƙirga ta. Akwai kuma inda adadi ya zama sunan wani abu: mai jego ta yi arba'in, an yi sadakar uku, an tashi sha biyu. Akwai sunayen mutane, Sani da Salisu da Rabi'u da Hamisu har zuwa Ashiru, waɗanda a Larabci na biyu ne da na uku da na huɗu da na biyar har zuwa na goma, kamar yadda Rumawa ke da Quintus da Sextus da Decimus. Ba wanda zai ce a alamta Salisu da Ord, kamar yadda ba wanda zai alamta Talata ko Satumba da lamba, ko da yake uku na kwance cikin ɗaya, bakwai cikin ɗayar. Amma da zarar an yarda cewa asali ba ya wajabta alama, to sai an faɗi inda iyakar take, kuma a nan ne hannaye ke saɓawa.

Masu goyon baya suna da amsa, kuma amsar ba ta da rauni. Sun ce samun wuraren shakka ba dalili ba ne na jefar da alamar; kowane ajin kalma yana da bakin iyaka mai duhu, kuma ba wanda ya daina bambanta suna da aikatau saboda akwai sunan aikatau. Abin da ake buƙata shi ne rubutacciyar ƙa'ida da misalai. Sun kuma nuna cewa ba koyaushe Latin ce mai kalma guda, Hausa mai kalmomi biyu ba. A ƙidayar ɓangare abin ya juya: Barume yakan ce tertia pars, “kashi na uku”, da kalmomi biyu, Bahaushe kuwa yana da “sulusi” ita kaɗai, da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri. Waɗannan ba kalmomin littafi ba ne kawai. Da su malami ke raba gado, inda matar mamaci ke samun sumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Da ushiri kuma manomi ke fitar da zakkar gero, dami ɗaya cikin goma a gonar da ruwan sama ya shayar. Hana waɗannan kalmomi alamar Frac saboda “na uku” ta ƙi karɓar Ord, wannan hukunta mai gaskiya ne da laifin wani. Har maimaicin ma ba baƙo ba ne a Latin: a fassarar Jerome, cikin labarin jirgin Annabi Nuhu, an maimaita kalmar biyu don a nuna dabbobi sun shiga bibbiyu. Ke nan tsarin da zai iya ɗaukar wannan a Latin ba zai gaza ɗaukar “biyu-biyu” ba.

In aka auna hujjojin, za a ga cewa kowane ɓangare ya yi gaskiya a wani wuri, kuma wurin ba ɓoyayye ba ne. Rikicin ya taso ne daga ɗora wa alama guda kaya uku: ƙirar kalma, aikinta a jimla, da ƙimarta a duniya. Fayil ɗin Universal Dependencies yana ba kowace kalma gurbi goma, kuma ukun nan kowanne yana da inda ya dace da shi. Abin da ake gani a jikin kalma shi ya cancanci NumType. Saboda haka “bibbiyu” da “hurhuɗu” da “ɗai-ɗai”, waɗanda maimaicin ya narke a cikinsu har suka zama kalma guda, sun cancanci Dist. Sulusi da 'yan'uwanta sun cancanci Frac. A nan masu goyon baya ne da gaskiya. “Na uku” da “sau uku” kuwa gini ne na jimla, wurinsu bishiyar li'irabi: “uku” ta ci gaba da zama adadi, dangantakarta da “na” ko “sau” ta nuna sauran, mai nema kuma ya nemi ginin maimakon kalmar. A nan masu suka ne da gaskiya, kuma misalin mai ƙosai ya isa hujja. “Biyar-biyar” da “tiya-tiya” sai a ɗaure su da dangantakar maimaici, irin wadda rumbunan harshen Turkanci suka riga suka tanada, ta yadda ƙa'idar za ta fito guda kamar yadda take a bakin masu harshen. Ƙimar kuɗi kuwa, cewa “ashirin” a nan 100 ce, ba nahawu ba ne ko kaɗan. Wurinta gurbi na ƙarshe, na ƙarin bayani. Barin ta gaba ɗaya asara ce, domin wanda bai zauna a Nijar ba ba zai gane ba, kuma dalar Bakano ko jakarsa ba su ne na Ba'are ba.

Wannan hanya tana da tsadarta, kuma ba daidai ba ne a ɓoye. Mai kwatanta harsuna da ya nemi Ord a rumbun Hausa zai tashi kusan hannu wofi, kuma in bai karanta bayanin rumbun ba zai iya rubuta cewa Hausawa ba su da ƙidayar jeri. Maganin wannan shi ne bayani a rubuce, ba alamar da ke faɗin abin da babu ba. Kuskuren mai karatu ɗaya ana iya gyara shi. Ƙaryar da aka dasa cikin jimloli dubbai kuwa na'ura za ta haddace ta ta riƙa maimaitawa.

Saura batun karin harshe da rubutu. A Hausar yamma ana jin “biyat” inda Kano ke cewa “biyar”, da “shidda” inda daidaitacciyar Hausa ke rubuta “shida”. Masu rumbun takardun Tuscany sun fuskanci irin wannan, domin marubutan ƙarni na 8 da na 9 ba sa rubuta Latin yadda Cicero ya yi, kuma darajar rumbun tana cikin waɗannan kauce-kaucen ne. Tsarin ya riga ya raba gurbin kalma yadda aka faɗe ta da gurbin tushenta, don haka “biyat” za ta iya zama yadda take a gurbin farko, “biyar” ta tsaya a na biyu, nema ya haɗa su ba tare da an goge muryar Arawa ba. Lambobin Faransanci da ke shigowa tsakiyar magana su ma adadi ne, a ba su alamarsu, a kuma nuna harshen da suka fito. Wannan ya ƙara muhimmanci tun daga Maris 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardun haraji da na asibiti da littattafan lissafi na 'yan firamare duk cike suke da lambobi, kuma kayan aikin da za a gina don rubuta su ko fassara su daga irin waɗannan rumbuna za su koya.

Akwai gini guda da har yanzu ke buƙatar shawara ta musamman, wato ƙidaya ta ragi. Latin tana cewa duodeviginti, “biyu daga ashirin”, don 18, da undeviginti don 19, kuma tana rubuta kowace a haɗe, don haka alama ɗaya ta wadatar. Hausa tana da irin wannan dabara, “ashirin biyu babu” da “ashirin ɗaya babu”, ko “ashirin gaira ɗaya”, amma a rarrabe ake rubuta su. “Ashirin” adadi ce, “biyu” adadi ce, “babu” kuwa kalmar korewa ce da a wani wuri ke tsayawa a matsayin jimla sukutum. In aka ɗaure ukun da dangantakar da ake ɗaure “goma sha takwas” da ita, na'ura za ta iya ɗauka tarawa ake yi ta fitar da 22. In aka bar “biyu babu” a matsayin 'yar jimla da ke rataye a jikin “ashirin”, nahawun ya fito daidai, amma sai an rubuta 18 a gurbin ƙarin bayani kafin mai nema ya san adadi guda ne. A bakin 'yan kasuwar Dogon Dutsi kuma, in kuɗi ake nufi, sai a ƙara wani bayanin a gefensa, domin “ashirin biyu babu” a can sefa 90 ce.